Me Ya Sa Fina-finan Soyayya Na Caina Ke Yin Sanyi A Tsakiya?

Fim ɗin soyayya na Caina mai kashi 40, kowane kashi minti 45, awa 30 ke nan cif-cif. Takwaransa na Koriya mai kashi 16, ko da kowane kashi ya ɗara awa guda, da ƙyar yake kai awa 20. Labarin da za su bayar kuwa kusan ɗaya ne: mutum biyu sun haɗu, sun saba, sun so juna, wani abu ya gitta, sun tsallake shi. Awa goman nan da suka hau kai dole a nemo abin da za a cike su da shi, kuma daga nan yawancin ƙorafin masu kallo yake tasowa.

A nan Jos, masu tura fim a waya da ke kewayen Taminus da Bauchi Road sun haddace tambayar. Yarinya za ta miƙo memori ta ce, "Yaya, wannan ba ya ja dai ko?" Amsar ba ta wuce, "Ki daure ki kai kashi na goma, daga nan ba za ki iya ajiyewa ba." Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Kashi goman farko su ne aka fi kashe wa kuɗi da tunani, domin da su ake kama mai kallo. Inda fim mai kashi 40 yake zubar da mutane shi ne daga wajen kashi na 20 zuwa na 32, sannan ya zo ya yi ƙarshe a gurguje kamar ana korar sa.

Abu biyu ake cakuɗawa idan aka ce fim "yana ja". Akwai tafiyar hawainiya da aka yi da gangan, inda soyayyar ke ginuwa sannu a hankali, wadda ita ce ma dalilin da ya sa masu son irin waɗannan fina-finai suke neman su. Akwai kuma tsayuwa cak, inda awa uku za su wuce, kyamara na aiki, waƙa na tashi, amma tsakanin jarumi da jaruma babu abin da ya motsa. Na farkon gwaninta ce. Na biyun ciko ne.

Hanyar rarrabe su ba ta da wuya. Idan kashi ya ƙare, a tambayi kai: me ɗayansu ya sani game da ɗayan wanda bai sani ba a farkon kashin? Me za su iya yi ko faɗa wa juna yanzu wanda jiya ba zai yiwu ba? In an samu amsar ko da ɗaya ce, fim ɗin yana tafiya, komai sanyinsa. In kashi uku suka jeru babu amsa, to an fara ciko.

Matakan irin wannan soyayya ƙididdigaggu ne. Haɗuwa, yawanci da saɓani. Wani dalili da ya tilasta musu zama kusa, aiki ne ko maƙwabtaka ko auren haɗi. Fara lura da juna. Ranar da ɗaya ya ga raunin ɗayan bai yi amfani da shi ba. Dogaro. Ɗaya ya gane abin da ke ransa ya ɓoye. Kishi. Ɗayar ma ta gane. Furtawa. Sai fuskantar iyaye ko fada ko duk abin da ke waje. Goma ke nan, kuma da wuya marubuci ya ƙirƙiro na sha ɗaya da zai yi nauyi. A raba 40 gida goma: kowane mataki ya samu kashi huɗu, wato awa uku. Awa uku a kan "ya fara lura da ita" abu ne da sai ƙwararre yake iya riƙewa. A fim mai kashi 24 kuwa kowane mataki bai kai awa biyu ba, shi ya sa gajerun fina-finan makaranta da na ofis suke fita da sauƙi ko da rubutunsu bai kai ya kawo ba.

Ga yadda fitowa mai tafiya take. Ana cin abinci a teburi, mutum shida, hira ake a kan wani abu dabam. A kashi na 4 jarumar ta taɓa ture wani ganye gefen kwanonta, ba ta ce komai ba, ba wanda ya tanka. Yanzu a kashi na 11 an kawo miya da ganyen a ciki. Jarumin bai ɗago kai ba, bai daina magana da abokinsa ba, ya sa tsinken cin abinci ya tsince ganyen daga kwano, ya tura mata kwanon. Ita ta dakata na daƙiƙa biyu, ta kalli kwanon, ba ta kalle shi ba. Ƙanwarsa da ke gefe ta gani. Duk abin bai kai minti ɗaya ba, babu kiɗa, amma abu uku sun canza: ta san yana lura da ita, shi bai san ya tona kansa ba, kuma mutum na uku ya shigo cikin sirrin.

Ga kuma ta ciko, wadda kowa ya gani sau ba adadi. Ta yi tuntuɓe, ya tare ta. A nuna faɗuwar a hankali ta gaba, a sake nuna ta ta baya, a sake ta sama, a matso da kyamara kan idonsa, a matso kan nata, waƙar fim ɗin ta taso daga farko. Minti biyu sun tafi. Dare ya yi, tana kwance tana tunawa, a sake nuno faɗuwar. Shi ma yana tsaye bakin taga yana tunawa, a sake nuno ta. Gari ya waye ta ba ƙawarta labari baki da baki. Abu ɗaya ya ci minti takwas, kuma da suka haɗu washegari suna nan yadda suke shekaranjiya. Alamar ciko ke nan mafi saurin ganewa: abin da ya faru ba ya barin tabo a fitowar da ke biye.

Akwai wani motsi da mai kallo na nan yake rasawa ba da laifin fim ɗin ba. Sinawa suna auna kusanci da yadda ake kiran suna. Za ta fara da kiran sa da muƙaminsa, ta koma cikakken sunansa, sannan sunan da 'yan gida kaɗai ke kira. A fina-finan zamanin da, sauyawa daga "ranka ya daɗe" zuwa sunan yanka babban al'amari ne da aka yi kashi goma ana gina shi. Bahaushe ya fi kowa fahimtar wannan, tunda mu ma mun san bambancin ranar da "Malam" ya koma "Yaya", da ranar da aka daina faɗin sunan gaba ɗaya. Amma fassarar da ke ƙasan allo sau da yawa suna ɗaya take sakawa daga farko har ƙarshe, musamman wadda na'ura ta yi. Mai kallo sai ya ga kamar ba abin da ya faru, alhali an tsallake babban mataki. Wanda ya saba kasa kunne ga sautin sunan, ko da bai jin Sinanci, zai riƙa kama wannan.

Ruwa ba ya tsami banza

Tushen cikon kuɗi ne. Shekara da shekaru kamfanonin shirya fim a ƙasar Sin suna sayar wa gidajen talabijin da manhajojin kallo, irin su iQiyi da Tencent Video da Youku, a kan farashin kowane kashi. Manyan kuɗaɗen da ake kashewa kuwa ba sa ƙaruwa sosai don an ƙara kashi: an riga an ɗinka sutura, an kama wurin ɗauka a Hengdian, babban sansanin shirya fim da ke lardin Zhejiang. Saboda haka labarin da aka rubuta don kashi 35, idan mai tace hoto ya sassauta almakashi ya kai shi 45, kashi goman nan kusan riba ce zalla. Kamar miyar da aka ƙara wa ruwa ne don baƙi sun ƙaru: tukunya ta cika, naman dai shi ne na ɗazu. Hatta kuɗin jarumai da kashi ake lissafa shi. Yarjejeniyar da manyan manhajojin uku suka yi da wasu kamfanonin shirya fim a 2018 ta ƙayyade kada jarumi ya wuce yuwan (kuɗin ƙasar Sin) miliyan ɗaya a kowane kashi, kada kuma jimillar ta wuce miliyan 50.

Shekarun 2017 da 2018 ne abin ya kai maƙura. Eternal Love kashi 58 ne, Ashes of Love 63, Story of Yanxi Palace 70, Ruyi's Royal Love in the Palace kuwa 87. A watan Fabrairun 2020 hukumar da ke kula da rediyo da talabijin ta ƙasar ta fitar da sanarwar cewa fina-finai masu dogon zango su tsaya a kashi 40, ta kuma ƙarfafa a riƙa yin waɗanda ba su wuce 30 ba. Wannan ya rage tsawon, amma ya haifo wata cutar da za mu zo kanta.

Gidajen talabijin ma suna da nasu hannun. Akan samu fim ɗaya da tsawo iri biyu. Princess Agents na 2017 ya fita a kashi 67 a talabijin, amma ainihin yankan kamfani kashi 58 ne. Ba sabon labari aka ƙara ba. An gajarta kowane kashi ne, aka cusa maimaicin abin da ya wuce a farkonsa da tsakiyarsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin wanda ke tura fim a shago bai cika sanin wanne ya sauke ba. In aka ga fim ɗaya da lamba biyu, a ɗauki mai ƙaramar lambar.

Sai asalin labarin. Akasarin waɗannan fina-finai daga littattafan intanet aka ciro su, da yawa daga dandalin Jinjiang, inda marubuciya ke sakin babi kusan kullum, masu karatu suna biya gwargwadon yawan rubutun da ke cikin babin. Duk mai bin littattafan Hausa da ake sayarwa a WhatsApp ya san wannan tsarin ciki da bai: shafukan kyauta su ja mutum, a kulle, a biya, daga nan marubuciya ba ta da dalilin yin sauri. Littafin da aka rubuta haka yana da ƙaramin tashin hankali a ƙarshen kowane babi, amma babban zaren labarin a kwance yake. Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Ƙarfin littafin soyayyar sannu a hankali yana cikin zuciyar jaruma ne, shafi biyar tana saƙa da warwara a kan kallo ɗaya. Kyamara ba ta ɗaukar saƙe-saƙen zuci. Darakta mai ƙoƙari zai mayar da su aiki, irin tsince ganyen nan. Malalaci kuwa zai sa ta zauna bakin taga, murya na karanto tunaninta, ko ya ƙirƙiro ƙawar da ba ta da aikin yi sai sauraro.

Akwai kuma littafin da ya yi gajarta. Babi 60 masu daɗi ba za su cika awa 30 ba, sai a ɗauko abokin jarumi da ƙawar jaruma a ba su tasu soyayyar, wani lokaci har ma'aurata na uku. Ba laifi ba ne a karan kansa. Ma'aurata na biyu suna da amfani idan labarinsu yana matsa wa na farko lamba, ko yana nuna abin da zai faru in jarumai suka zaɓi wata hanya. A Eternal Love ma'aurata na biyun sun samu karɓuwar da har aka yi musu nasu fim ɗin a 2020. Amma idan za a iya cire duk fitowarsu ba tare da babban labarin ya girgiza ba, to haya aka ba su a cikin fim ɗin. Ana gane haka da agogo: kashin da jarumi da jaruma ba su yi minti goma tare a allo ba, a fim ɗin da sunan soyayyarsu aka sayar da shi, an ci amanar mai kallo.

Talla ma tana cin nata rabon, musamman a fina-finan zamani. Jaruma za ta buɗe firij, ta ɗauko madara, ta juyo da tambarin saitin kyamara, ta sha, ta yaba. Minti ɗaya nan, minti ɗaya can. Ba ita ke kashe fim ba, amma tana yawan faɗowa daidai inda zuciyar mai kallo ta fara ɗaukar zafi.

Bayan an furta

Babban ramin yana nan. Abin da ke jan mai kallo a irin wannan fim tambaya ɗaya ce: yaushe za su gane, yaushe za su faɗa? A fim mai kashi 40 akan amsa ta a wajajen kashi na 20 zuwa 24, domin in aka wuce haka masu kallo za su gudu. To an amsa, saura kashi 16 ko fiye, awa 12 ke nan, injin kuma ya mutu. Kashi uku ko huɗu za su tafi a zumar soyayya, yawo da ciye-ciye da riƙe hannu. Daga nan dole a nemo abin da zai raba su, a nan ne ake gane marubucin gaske.

Cikas iri biyu ne. Akwai wanda tun kashi na farko yana nan a kwance: ita ba ta yarda da kowa ba saboda yadda aka yi watsi da ita tana ƙarama, shi kuma yana ɓoye wani ƙuduri na ramuwa da zai taɓa danginta. Irin wannan in ya fashe a kashi na 28 mai kallo zai ji zafi amma ba zai ji an yaudare shi ba, don ya daɗe yana hango shi. Akwai kuma wanda aka yi odarsa daga waje a ranar da aka buƙace shi: tsohuwar budurwa ta sauka daga jirgi, uwa ta tuna ba ta son yarinyar, an ga hoto an yi masa mummunar fahimta, mota ta buge wani ya manta komai. Gwajinsa guda ne. In zaman minti biyu a yi magana zai warware matsalar, kuma babu wani dalili a halayen mutanen da zai hana su zaman, to matsalar ta jabu ce, an sa ta ne ta ci kashi shida.

Mafi ban haushi a cikinsu ita ce sadaukarwar da ba a nema ba. Ya samu labarin yana da ciwo, ko wani babba ya yi masa barazana, sai ya yanke shawara shi kaɗai cewa alherinta shi ne ya wulaƙanta ta ta tafi. Abin da ya sa wannan ke ɓata fim ɗin sannu a hankali fiye da kowane iri shi ne, awa 15 aka kashe ana nuna mana yadda suka koyi yarda da juna da gaya wa juna gaskiya. Dabarar tana rushe ainihin abin da aka gina, ta mayar da mutumin da muka sani wani baƙo.

Fina-finan aljanu da alloli suna da tasu hanyar: a kashe su a sake haifar su, ko a shafe tunanin ɗaya. A Eternal Love jarumar da kanta ta sha maganin mantuwa. Wannan yana ba marubuci damar hawa matakan nan goma sau biyu ko uku a fim ɗaya. Yana aiki idan ɗaya yana tune ɗayan ya manta, domin mai kallo yana kallon kowace gaisuwa da nauyin abin da ya wuce. In duka biyun suka manta, fim ɗin ya koma kashi na ɗaya ne kawai da sababbin kaya.

Na makaranta kuwa jinkirinsu ba duka ne zaɓin marubuci ba. Ba a son a nuna 'yan sakandare suna soyayya a fili, saboda haka komai sai ya jira bayan babbar jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni. Wannan ƙaidin ya kan yi wa fim ɗin amfani, don ya ba shi dalili na gaske da ranar da kowa ke jira. Inda suke faɗuwa shi ne bayan an shiga jami'a ko an fara aiki, lokacin da shingen ya tafi ba a tanadi wani ba.

Waɗanda suka tsallake ramin, dabararsu ɗaya ce: suna da injin na biyu da ke aiki tun farko. The Story of Minglan ya haura kashi 70, kuma auren jaruman sai wajen tsakiya yake zuwa, amma rabin na biyu ba ya mutuwa, domin tambayar ta sauya. Ta aure shi, ta riƙe gidansa da dangin da ke neman ganin bayansa, sai dai shi abin da yake nema ta so shi, ba ta yi masa biyayya kawai ba. Matan da suka san zaman babban gida ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Meet Yourself na 2023, kashi 40, ya fi kowanne sanyi a ido: ma'aikaciyar otal ta bar aiki bayan rasuwar aminiyarta, ta tafi wani ƙauye kusa da Dali a lardin Yunnan. Kusan babu mugu a fim ɗin. Abin da ke riƙe shi, zamanta na 'yan watanni ne, ranar tafiya tana matsowa, shi kuma ba zai bar ƙauyen ba. Agogo yana bugawa a ƙarƙashin kowace hira, ko da hirar a kan shayi ce.

Ƙarshen da ake yi a guje ya samo asali ne daga wani wuri dabam. A ƙasar Sin yawanci sai an gama fim ɗin gaba ɗaya, hukuma ta duba shi ta ba da lasisi, kafin a fara nunawa. Ba kamar yadda Koriya ta daɗe tana yi ba, inda ake ɗauka ana nunawa, ana gyara rubutu gwargwadon yadda jama'a suka karɓa. Saboda haka in tsakiya ta yi sanyi babu damar gyarawa. In kuma an ɗauki abin da ya kai kashi 48 aka ce a mayar da shi 40, kamar yadda aka riƙa yi bayan sanarwar nan ta 2020, ko hukuma ta ce a cire wani zare, almakashin ya fi sauka a kashi goman ƙarshe, inda ake kisa da ramuwa da juyin mulki, abubuwan da suka fi jawo gyara. Farkon kuwa ba a taɓa shi, don shi ne tallar fim ɗin. Alamomin a bayyane suke: murya ta ba da labarin yaƙin da ba a nuna ba, bakin jarumi yana faɗin wani abu sautin yana faɗin wani, mutumin da aka yi kashi 20 ana gina shi ya ɓace ba sallama, sai allo ya yi baƙi a rubuta "bayan shekara uku".

Wasu sun kauce wa iyakar ta hanyar raba fim gida biyu. Love Like the Galaxy na 2022 kashi 56 ne, aka fitar da shi a matsayin 27 da 29. Duk da wannan sararin, an kashe lokaci mai yawa a farko da tsakiya, sannan rabuwar shekara biyar da sulhun da ya biyo bayanta aka matse su a 'yan kashin ƙarshe. Lost You Forever ya fito da kashi 39 a 2023, ragowar 23 sai a 2024. Shekara guda tsakani ta isa ta huce duk zafin da aka tara. Kada kuma a ɗauka yanka shi ne magani a kullum: Empresses in the Palace mai kashi 76 an taɓa matse shi zuwa kashi shida masu minti 90 don masu kallo a Amurka, awa 57 ta koma tara. Abubuwan da suka faru suna nan, dalilan da suka sa mutum ya damu da su ne suka tafi.

Ga mai kallo da ke lissafin data da cajin waya, akwai abin yi. Kashi ɗaya a matsakaicin haske yakan ci wajen megabayit 200 zuwa 300, ya danganta da yadda aka matse shi, wato fim mai kashi 40 zai iya lashe gigabayit 8 zuwa 12. Bai kamata a sauke shi duka a tashi ɗaya ba. A fara da shida. Kashi na ɗaya da na biyu ba sa nuna gaskiyar fim, na biyar da na shida ne ke nunawa, lokacin da aka gama gabatarwa aka shiga tafiyar yau da kullum. A nan za a yi gwajin tambayoyin nan biyu. A kuma duba ko akwai wani abu da jarumar ke nema a rayuwa ban da jarumin, sana'a ce, ko ramuwa, ko ceto gidansu. In babu, a sa rai da rami bayan furtawa.

Waƙar buɗewa da ta rufewa suna cin wajen minti huɗu a kowane kashi, kuma gara a tsallake su ko don wani dalilin: sukan nuna fitowar da ke can gaba, har da mutuwa da aure. Ƙara gudun bidiyo zuwa 1.25 ba ya ɓata komai a fitowar fada da ta ofis, 1.5 kuma yana mayar da awa 30 ta koma 20. Sinawan da kansu haka suke kallo, har manhajar iQiyi ta cikin ƙasar tana da maɓallin da zai nuna wa mutum fitowar jarumin da ya zaɓa kaɗai. Amma a mayar da gudun daidai duk lokacin da jaruman biyu suka kaɗaice, musamman in ba sa magana. Shirun nan shi ne kayan da aka saya, a gudun 1.5 kuwa dakatawar daƙiƙa biyu ba ta ganuwa. Tuna baya mai launin fari-fari ana iya tsallake shi kai tsaye, sai dai in an ga ya zo da kusurwar da ba a nuna ba a da, wato abin da ɗayan ya gani ko ya yi a ɓoye. Wannan ba maimaici ba ne, sau da yawa ma shi ne fitowa mafi daɗi a fim ɗin.

Masu rubuta fina-finai masu dogon zango a Kannywood, da ɗaliban makarantar koyon fim da ke nan Jos, suna fuskantar jarabawa iri ɗaya, tunda YouTube ma yawan kashi da yawan mintin kallo yake saka wa. Kafin a rubuta fitowa ta farko, a jera matakan a takarda, a sa lambar kashin da kowanne zai faɗo, a rubuta tun ranar abin da zai raba masoyan bayan sun furta, sannan a dasa shi a kashi ukun farko. In matakan sun ƙare a kashi na 18, labarin na kashi 20 ne, ko nawa mai ɗaukar nauyi ya so.

A can Sin ɗin kasuwa ta riga ta yi wani juyin. Gajerun fina-finan da ake kallo a tsaye a waya, kashi ɗaya minti ɗaya ko biyu, kashi 60 zuwa 100, sun cika ko'ina, har sun iso wayoyinmu ta manhajoji irin su ReelShort da DramaBox. A cikinsu ana mari a daƙiƙa ta goma, a yi aure a kashi na uku, a gano miji attajiri ne a na biyar. Ba sa ja ko kaɗan. Sai dai babu mai iya tuna sunan jarumar bayan kwana biyu, kuma ba wanda zai tsince ganye daga kwanon wani a cikinsu, don babu kashi na 4 da za a dasa abin a jira shi har na 11.